Tofar Da Na Sa Attahiru Ya Dasa

Malam Attahiru ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Na fiddo mashin ke nan zan tafi wurin aiki Rabah, sai ga kiran ƙanensa Shehu. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Yaya Nasiru, Malam hwa lokaci ya yi. Muna bisa hanya daga Sakkwato da gawa."

Na ce wane Malam?

Na san wane Malam. Bakina ne kawai ya tambaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwanansa huɗu kwance asibiti, ban sani ba. Gidana da nasa cikin garin Wurno ɗaya, ko mashin ba a hawa, amma ban sani ba. Sati shida ke nan ina kauce wa layinsu.

Tun hantsi saƙonni ke shigo mini. "Malam Nasiru sai haƙuri, ka yi rashin amini." "Allah ya ba ka dangana, kai da shi ba a jin kanku." Wasu har hotonmu tare sunka ɗora. Na gode wa kowa. Amma ban iya karɓar wannan gaisuwar in yi shiru, shi ya sa da munka dawo daga maƙabarta na zauna ina rubuta wannan. Yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san shi ba: Attahiru malamin Larabci ne. Mun fi shekara ashirin muna koyarwa makaranta ɗaya nan Wurno kafin a maida ni Rabah. Ɗan birni ne, cikin Sakkwato ya tashi, mahaifinsa tela. Aiki ya kawo shi garinmu, ya auri Hajiya Balki 'yar nan, ya yi gida, ya zama namu. Sadda ya zo bai iya bambanta gero da dawa in suna ƙanana.

Ni kuwa malamin aikin gona ne. Ɗan manomi, jikan manomi. Da takardar digiri a bango.

Ku riƙe wannan, don daga nan ciwon ya taso.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, Sista Rahila, da ta daɗe asibitin garinmu. Bayan ɗakinta tana da wani babban gindin tsabre, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefa wa shayi. Da anka yi mata canjin wurin aiki, ta sa anka tone shi, ta raba biyu da adda. Rabi ni, rabi Attahiru. Ta ce, "Malamai, ga amana. Ban yarda in bar ta ga awaki ba."

Na kai tawa gida, na yi mata duk abin da littafi ya ce da wanda bai ce ba. Takin zamani, ruwa safe da marece, inuwar dogon yaro don kada rana ta ƙona ta. Wata biyu ta ruɓe daga gindi.

Shi kuwa dasa tasa kawai ya yi bakin magudanar kicin, tsakiyar rana. Kafin ƙarshen damina ta kai mishi ƙugu.

Na ce, "Attahiru, mi ka sa mata?"

Ya ce, "Wallahi ba komi. Rana dai nib bar mata."

Na yi dariya. Amma ranar wani abu ya shiga zuciyata, kuma bai fita ba har yau.

Daga nan abin ya shiga ransa. Duk Asabar sai ya ɗaure buhu bayan mashin ya fita. Fadamar Kwargaba, bakin gulbi, ƙasan madatsar Goronyo. Ya dawo da laka har gwiwa da ciyawa cike da buhu. Gari ya samu abin dariya. Ana cewa mutane na fama su cire ciyawa, malamin Larabci na dasa ta cikin gida.

Ni na fi kowa dariya. Ni na laƙa mishi suna Sarkin Ciyawa a ɗakin malamai. Da ba'a na faɗa. Sunan ya bi shi, sai dai ya koma na girmamawa, har yara 'yan makaranta na rusunawa suna faɗi.

Wanda ya taɓa shiga gidan ya san abin da nike faɗi. Daga zaure in ka leƙa, can jikin katanga gamba ce tsaye, ta fi mutum tsawo, da kyamro mai farin gashi a ka. Gabansu jema a jere kamar an ja layi da igiya. Sai wata jar ciyawa da ya samo wurin masu saida shuke-shuke a birni, mai kai kamar wutsiyar mage. Inda ruwan alwala ke zuba ya yi ɗan rami ya dasa kajiji, da wata 'yar uwarta mai buɗe ganye kamar lema. Hanyoyi tsakaninsu a share tas, don ya ce maciji bai son fili.

In iska ta taso da la'asar, gidan duka motsi yake yi, da wata ƙara mai taushi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba.

Na taɓa tambayarsa yadda yake zaɓe. Ya ce, "Ni ban san sunayensu na boko ba. Inda nis same ta nika dubi. In cikin laka tat tsaya, bakin magudana za ta zamna. In bisa jigawa ta, to nesa da ruwa. Doguwa baya, gajera gaba. Shi ke nan karatuna."

Shi ke nan karatunsa. Ni na yi shekara huɗu jami'a.

Gidana kuwa fulawoyi ne cikin tukwane masu fenti, 'yan birni. Duk bazara sai rabinsu sun mutu, in sake ɗauko wasu. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce a buɗe mishi ya gani.

Wata rana maiɗakina ta dawo daga wurin Hajiya Balki da saiwar kajiji ƙunshe a gefen mayafi, za ta haɗa turaren wuta. Tana ajiyewa ta ce, "Kai, gidan nan nasu sanyi gare shi. In ka shiga kamar ba Wurno kake ba."

Ba ta nufi komi ba. Ban ci tuwon kirki ba ranar.

In ya ɗora hoton ciyawarsa a nan, da wata tsohuwar waya mai dishi-dishi, sai ka ga mutane sun cika ƙasan hoton da masha Allah. Ni ma ina rubuta masha Allah. Ku koma ku duba, za ku gani. Ina rubutawa, sai in koma shafina in ga ko an kula nawa.

Ga kuma irin mutumin da nike yi wa wannan.

Sadda mahaifiyata ke jinya a Marnona, tsakiyar damina, mashin ɗina ya lalace. Attahiru ne ya riƙa goya ni. Hanya duk caɓi, mu faɗi mu tashi. In mun isa ba ya shiga ciki, sai ya zauna zaure yana jan carbi har in fito. Ranar da ta cika, shi ya fara shiga ramin kabari kafin ni.

Sau uku yana rabo mini gindin jema da tsabre, ya kawo har gida, ya tona da hannunsa. Yana tafiya sai in ƙara taki, don kada a ce da dabararsa ta tashi. Sau uku suna mutuwa. Bai taɓa tambayata ina suke ba.

Da aka tashi bikin ɗiyata Maryam, na sa anka sake wa tukwanena fenti, na gyara tsakar gida. Ranar ɗaukar hoto sai na ga ita da ƙawayenta sun yi kwalliya sun nufi ƙofa. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Gidan Baba Attahiru, Baba. Can hoto ya fi kyau."

Hotunan na nan rataye ɗakin uwarta. Sun yi kyau ƙwarai. Ban taɓa tsayawa na dube su da kyau ba.

Bayan bikin da kamar wata biyu ne ya zo mini da tofa.

Ya same ni ƙofar gida bayan la'asar, da 'yar ciyawa a hannu, saiwarta naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kanta fari sol, laushi kamar auduga. Ya ce can wajen Kwargaba ya gan ta, fili guda, rana na haska ta, har sai da ya tsaida mashin.

Ya ce, "Wani tsoho can yac ce mini mugunya ta, kada in kai ta gida. Shi ya sa nic ce bari in tambayi malamin gona. Kai mi ka gani?"

Duk ɗan manomi ya san tofa. Sama ba ta da laifi. Ƙarƙashin ƙasa take tafiya, saiwa fara mai tsini, ta huda duk abin da ta iske, ta ɓullo inda ba ka zata ba. In ka sare ta, kowane guntu sabuwar ciyawa ne. Na ga mahaifina ya bar gona sukutum saboda ita. Ina koyar da ita a aji, cikin jerin miyagun ciyayi.

Na dube shi. Na tuna Maryam da ƙawayenta suna fita ƙofata.

Na ce, "A fadama ne take wannan ɓarnar. Cikin gida ba ta da ƙarfi. Dasa abarka. Ka ma sa ta kusa da jema, farin zai fito da kyau."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma raina na son ta."

Ya yi mini godiya.

Ba kuskure na yi ba. Ba mantuwa na yi ba. Ina so wannan ya fito fili, don na san akwai masu kirki cikinku da za su nema mini uzuri.

Shekarar farko ta yi kyau, har ya ɗora hotonta. Damina ta biyu ta nuna halinta. Tsini ya riƙa ɓullowa ko'ina, tsakiyar hanya, gindin gamba, cikin jema. Ba a iya taka tsakar gidan ba takalmi. Ta kutsa cikin tsabren Sista Rahila ta shaƙe shi, gindin nan na asali da komi ya faro daga gare shi. Ya bushe.

Dogon hutun makaranta na shekarar nan gaba ɗaya a tona ya ƙare shi. Da diga da shebur, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya wanda allo da alli ya sani. Yana tona, yana tankaɗe ƙasa da hannu yana tsince farar saiwa. Ya ƙi sa 'yan ƙwadago, ya ce za su haɗa da jemarsa su sare.

Na je na same shi cikin rami, zufa ta jiƙe riga. Na ce sannu da aiki.

Ya ɗago ya ce, "Ka ga abin da ƙawarka ta yi muna? Kai ma ba ka zaci haka ba, na sani. Ƙasa ta ka ruɗin mutum."

Na ce haka ne.

Sati na ƙarshe na hutun ya sunkuya zai ɗaga kwanon ƙasa, bayansa ya riƙe. Sai ɗaukarsa anka yi zuwa ɗaki. Ya yi makonni kwance. Da ya tashi, bisa kujera yake salla, ƙarshen sahu, jikin bango. Da yawanku kun gan shi haka masallacin unguwa.

Na je dubiya. Na kai kankana. Na zauna munka yi hirar makaranta, na yi mishi addu'ar samun sauƙi, na tashi.

To ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Gidan ya dawo ya fi da kyau.

Ya sake tsari yana dafe da baya. 'Yar tofar da ta rage ya sa ta cikin rabin duro, ya ɗora bisa bulo yadda saiwa ba ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya zo neman iri sai ya zaunar da shi ya ce, "Ciyawa iri biyu ta. Akwai mai zama inda ka aje ta, ta yi gindi, ka raba in ruwa ya sauka. Akwai mai yawo ƙarƙashin ƙasa. Tona ka duba saiwa kahin ka duba kai. Ni da bayana nib biya wanga karatu."

Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. Na sha zama wurin yana faɗi, ina jira ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Ni da na so ya ragu, sai ga shi ya ƙaru. Har da ciwon bayan ma sai ya zama abin da ake yaba mishi, ana cewa dubi haƙurin bawan Allah.

Da anka maida ni Rabah na ji sauƙi, don na daina ganinsa kullum. Shi kuwa sai ya riƙa kirana duk Litinin da safe. "Malamin gona, ka isa lahiya? Yaya hanya?" Minti ɗaya, ya kashe. Wani lokaci ina kallon wayar tana ƙara har ta tsinke.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati shida ke nan, wata Juma'a.

Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in yi hankali. Na tsorata. Na ce kada in mutu da abin nan a wuyana. Bayan la'asar na nufi gidansa da niyya ɗaya, in faɗa mishi gaskiya, ya yafe ko ya ƙi.

Na iske shi bisa 'yar gajerar kujera da lauje, yana rage wa gamba tsawo. Haka yake yi duk ƙarshen rani, ya bar mata kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, in ruwa ya zo ta fito sabuwa. Bai yarda da sa wuta ba. Ya ga ni ya washe baki.

"A'a, yau mutanen Rabah sun tuna da mu. Balki! Ga Malam Nasiru, a kawo shayi."

Anka kawo. Da tsabre ciki, na wani sabon gindi da ya samo.

Na riƙe kofi. Na ce, "Attahiru, akwai wata magana da nike son mu yi. Tun ta tofar nan."

Ya aje lauje. Ya ce, "Ina jinka."

Sai ga sallama daga zaure.

Mutum biyu ne daga Rimawa. Sunka ce ruwa na cin gefen gonakinsu duk damina, kwazazzabo na ƙara faɗi, an ce musu akwai wani malami Wurno da ya san ciyawar da ke riƙe ƙasa. Ƙaramin cikinsu na gane shi. Ɗalibina ne. Ni na koya mishi zaizayar ƙasa a aji, da zane bisa allo. Ya rusuna ya gaishe ni da ladabi, sannan ya juya ga Attahiru.

Attahiru ya nuna ni ya ce, "Ai kun yi sa'a, ga malamin gona nan zamne. Shi yas san ƙasa, ni kame-kame nika yi."

Sunka dube ni sunka ce, "Haka ne, haka ne." Sunka sake juyawa gare shi.

Ya tashi da ƙyar, dafe da ƙugu, ya kai su wurin jema. Ya tone gindi ɗaya ya nuna musu yadda saiwarta ke nutsawa ƙasa a miƙe, ba ta yawo gefe. Ya ce su dasa ta a jere, kusa da kusa, a gicciye da hanyar ruwa. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Ni ma na san shi. Na riga shi sani.

Ina zaune da kofi, ina jin abin nan na tasowa daga ciki har ya rufe niyyar da na zo da ita.

Na miƙe na ce zan wuce.

Ya biyo ni har bakin zaure. Ya ce, "Maganar da ka hwara hwa?"

Na ce ba ta sauri ba ce.

Ya ce, "To Allah shi kai mu. In za ka dawo ka taho da buhu, in raba maka jema kahin ruwa shi sauka. Wanga karo sai ta kama, in sha Allah."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Litinin biyu ya kira ban ɗauka ba. Daga nan bai sake kira ba, na ce a raina ya gaji. Yau Shehu ke gaya mini tun lokacin ciwon ciki ya fara damunsa.

An yi jana'iza bayan azahar. Jama'a daga Goronyo, daga Rabah, daga ƙauyukan da ban san ya taɓa takawa ba. Mutanen nan biyu na Rimawa sun zo. Sista Rahila ta kira daga Zuru tana kuka, ta ce a sa mata waya kusa da Hajiya Balki.

Ni kuwa da anka sallame, na waiwaya baya, sai na kama kaina ina duba iyakar sahu. Ina tambayar raina ko ni zan samu rabin haka.

Gawarsa na gabana, ina wannan lissafi. Astagfirullah.

Da munka dawo gidan makokin, Shehu ya ja ni gefe cikin tsakar gidan. An tattake hanyoyin, tabarmi ko'ina, gambar da ya rage ta fara fiddo kore. Ya ce, "Yaya Nasiru, ni Sakkwato nike, yaransa duk suna wurin aiki da karatu. Wanga wuri in anka bar shi lalacewa za ya yi. Mun yi shawara, kai ad daidai. Kai ne amininsa, kai ne kuma masanin abin. Ka riƙa duba muna shi."

Zan faɗa muku abin da na fara ji, kafin komi.

Daɗi na ji.

Kamar ƙiftawar ido ne, amma na ji shi. Na ga mutane na shigowa suna tambayata. Na ga kaina ina nuna musu jema.

Nan na farga. Na gane in na yi shiru yau, to na yi shiru ke nan har kabari, kuma da hannun da ya ɓata wurin zan karɓe shi. Na ce da Shehu ya yi mini iso wurin Hajiya Balki, kuma ya tsaya ya ji.

Na durƙusa bakin ƙofar ɗakinta, labule tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa. Ta amsa, muryar ta dishe. Sannan na faɗa mata duka, yadda na rubuta muku nan. Na san tofa. Na san abin da za ta yi. Da gangan na ce ya dasa.

Shehu ya kau da kai.

Ina jin matan da ke ciki sun yi tsit.

Can ta ce, "Malam Nasiru, ni ka gasa mishi bayan nan da ruwan zahi. Shekara huɗu. Bai sake kai goshinai ƙasa ba sai da dabara. Abin da ya hi damunai ke nan, ba ciwon ba."

Na ce na sani, Hajiya.

Ta ce, "Ba ka sani ba."

Sannan ta ce, "Shi ya tahi da kai a matsayin da ya aje ka, ban iya canza wannan, kuma ban so in canza. Nawa kuwa, yau ban da abin ce maka. Ka bari a share makoki. In na iya, zan aika a kira ka."

Na ce na gode. Na tashi.

Shehu ya raka ni har waje. Bai sake tada maganar kula da wurin ba, ni ma ban tada ba. Na gaya mishi zan rubuta wannan. Ya ce in yi abin da na ga zai fisshe ni.

To ga shi na rubuta. Kada kowa ya yaba mini a ƙasan rubutun nan, don Allah. Mai haƙƙin ya tafi, sai da ya tafi na samu baki.

Ya Allah, ga bawanka Attahiru ya zo gare ka. Ka gafarta mishi, ka yi mishi rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ciwon da ya sha ka sa ya zama kaffara. Sujadar da ya yi bisa kujera ka rubuta mishi ita cikakkiya. Ka ba Hajiya Balki da 'ya'yansa da Shehu haƙurin rashinsa, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta ya kawo nan, ina roƙonku ku tsaya ku karanta mishi Ƙulhuwallahu, ku sa shi cikin addu'arku bayan salla. Wanda ya taɓa karɓar iri hannunsa, ya yi mishi addu'a duk sadda ya zuba ruwa.

In kun gama tasa, in da saura, ku roƙa mini Allah ya cire mini wannan abu daga zuciya kafin nawa lokacin ya zo. Yau da rana ma yana nan.